Kuskuren Maki da Jerin Cancanta: Me Kotu Ke Iya Gyarawa?

A ranar 4 ga Yunin 2024 hukumar jarrabawa ta ƙasar Indiya, NTA, ta fitar da sakamakon NEET, jarrabawar da duk mai son karatun likita a ƙasar sai ya bi ta cikinta. Ɗalibai fiye da miliyan 2.3 ne suka zauna, alhali guraben karatun likita ba su wuce 100,000 da 'yan kai ba. Tun a ranar iyaye da malamai suka ga abin da hankali bai ɗauka ba. Mutum 67 sun cinye maki 720 cif, bayan a shekarar da ta gabata mutum 2 ne kacal suka yi haka. Wasu kuma an ba su 718 da 719, makin da lissafin jarrabawar ba ya haifarwa. Tambayoyi 180 ake amsawa, kowace amsa daidai tana da maki 4, kowane kuskure ana cire 1. Wanda ya bar tambaya ɗaya zai tashi da 716, wanda ya kuskure ɗaya kuma 715. To daga ina 718 ta fito?

Hukumar ta ce ta yi wa ɗalibai 1,563 ƙarin maki ne saboda an ɓata musu lokaci a ɗakin jarrabawa. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, gwamnati ta janye wannan ƙari, aka ba su damar sake zama a ranar 23 ga Yuni. Sai kuma aka gano wata tambaya ta fiziks a kan ƙwayar zarra wadda hukumar ta karɓi amsoshi biyu a kanta, saboda tsohon bugun littafin makaranta ya ce zarrar kowane sinadari tsayayya ce, sabon bugu kuma ya gyara ya ce ta akasarin sinadarai ce. Kotu ta miƙa tambayar ga masana 3 daga cibiyar fasaha ta IIT da ke Delhi, suka ce amsa ɗaya ce daidai. A ranar 23 ga Yuli kotun, ƙarƙashin babban alƙali D.Y. Chandrachud, ta ƙi soke jarrabawar duk da ta yarda an saci tambayoyi a Patna da Hazaribagh, amma ta umarci a sake lissafi. Ɗalibai fiye da 400,000 suka rasa maki 5 kowanne, masu 720 suka ragu zuwa 17, jerin cancanta ya sake zubi tun daga sama har ƙasa.

Wannan rikici ya tattara kusan duk tambayoyin da shari'ar maki ke tayarwa a ko'ina. Wa ke da ta-cewa a kan amsar da ta dace? Idan an gyara wa wani, ina makomar wanda ya riga ya hau kujerar? Kuma me hukunci zai amfana wa ɗalibi idan ya zo bayan an rufe ɗaukar ɗalibai?

Nauyin maki ɗaya

Jarrabawa iri biyu ce. Akwai wadda ake ci ko a faɗi, kamar ta kammala sakandare, inda cin wani ba ya hana wani ci. Akwai kuma ta gasa, inda kujeru ƙidayayyu ne kuma ana jera mutane daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. A irin ta biyu maki ba shi da daraja shi kaɗai, sai an gwada shi da na saura. Inda mutum miliyan 2 ke raba maki 720, dubbai ne ke cunkushe a kan kowane maki, musamman a tsakiyar jeri. Maki 5 na iya sauko da ɗalibi matsayi dubbai, ya fitar da shi daga kwalejin gwamnati mai sauƙin kuɗi zuwa ta 'yan kasuwa wadda mahaifinsa ba zai iya biya ba, ko ya fitar da shi daga karatun likita ɗungurungum.

Shi ya sa kuskure a jarrabawar gasa ba ya tsayawa a kan wanda aka yi wa. Duk makin da aka tauye wa ɗaya, ɗaukaka ce ga waɗanda ke bayansa. Duk makin da aka ƙara wa wani ba bisa ƙa'ida ba, ture wasu ne da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Alƙalin da ƙara irin wannan ta zo gabansa yana kallon mai ƙara ɗaya ko ɗari, amma hukuncinsa zai taɓa dubban da ba su zo kotu ba, ba su da lauya, kuma babu wanda ya ji ta bakinsu.

Ta ina kuskure ke shigowa?

Ƙofa ta farko ita ce tambayar kanta: ta zo babu amsa daidai, ko da amsa fiye da ɗaya, ko a fassara ta ba daidai ba. Ta biyu ita ce jerin amsoshin hukuma, wanda da shi ake auna takardun kowa a tambayoyin canki-canka. Idan shi ya karkace, wanda ya sani ne zai faɗi, wanda ya yi kuskure iri ɗaya da hukuma ya ci. Ta uku hannun mai dubawa ce: ya tsallake shafi, ko ya haɗa jimilla ba daidai ba. Ta huɗu na'ura. A jarrabawar shiga jami'a ta SAT ta Oktoban 2005 a Amurka, damshi ya sa takardun amsa suka ɗan kumbura, na'urar karantawa ta kasa ganin wasu ɗigogin da ɗalibai suka cike da fensir, aka rage wa kimanin mutum 4,400 maki. A ƙasar Ayilan a 2020, kuskure a manhajar da ta lissafa sakamako lokacin korona ya tauye wa ɗalibai kimanin 6,100 daraja.

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma duk hukumar da ke duba miliyoyin takardu za ta yi kuskure wata rana. Abin da ke bambanta hukuma mai adalci da maras shi shi ne hanyar da ta tanada don a gano kuskuren da wuri, da kuma halinta idan an nuna mata.

Inda kotuna suka tsaya

Kusan a duk ƙasashen da ke bin tsarin shari'a irin na Ingila, alƙalai suna ɗari-ɗari da batun maki. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Alƙali masanin doka ne, bai karanci ilimin halittu ko injiniyanci ba. Kuma in aka ce duk wanda bai gamsu da makinsa ba ya garzaya kotu, ba za a taɓa kammala ɗaukar ɗalibai ko ma'aikata ba.

Kotun Ƙolin Indiya ta shata iyakar tun 1983, a shari'ar Jami'ar Kanpur da wasu masu neman karatun likita. Ta ce a ɗauki jerin amsoshin hukuma a matsayin daidai, sai fa idan an nuna kuskurensa a fili, irin kuskuren da babu masanin fannin da zai kare shi. A wannan shari'a ɗaliban sun kawo littattafan da ake koyarwa da su, suka nuna kuskuren, suka yi nasara. A Disambar 2017 kotun ta ƙara ɗaure wannan ƙa'ida a wata shari'a kan jarrabawar ɗaukar malamai da aka yi a jihar Uttar Pradesh tun 2009. Shekara 8 ana ja-in-ja, ana sake duba takardu ana sake jeri, masu neman aiki suna zaune cikin rashin tabbas. Kotun ta ce kada alƙali ya mai da kansa mai duba takarda, kuma in akwai shakka a bar wa hukumar jarrabawa.

A Najeriya ma haka lamarin yake a jami'o'i. A 2005, a wata ƙara da ta shafi Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, Kotun Ƙoli ta ce tantance aikin ɗalibi da ba da digiri hurumin majalisar malaman jami'a ne. Amma a 2014, a shari'ar Jami'ar Ilorin, kotun ta nuna cewa wannan hurumi ba ya ba jami'a damar riƙe sakamakon ɗalibi ba tare da hujja ba. Wato kotu ba za ta ce amsar wane ta cancanci 60 ko 70 ba, amma za ta tambaya ko an bi ƙa'ida, ko an saurari mutum, ko an haɗa lissafi daidai.

Wannan rarrabewa tana da ma'ana, amma ta ɗora kaya mai nauyi a kan mafi rauni. Ɗalibi ɗan shekara 18 ne zai tabbatar da cewa hukuma ta yi kuskure, alhali takardarsa, da jerin amsoshi, da bayanan na'ura duk suna hannun wadda yake ƙara.

Koriya ta Kudu: tambaya biyu, hukunci biyu

Babu ƙasar da ta nuna tasirin lokaci a wannan lamari kamar Koriya ta Kudu, inda jarrabawar shiga jami'a ta rana ɗaya ke yanke makomar matashi har ana dakatar da tashi da saukar jirage lokacin sauraren Turanci. A jarrabawar Nuwamban 2013, tambaya ta 8 a darasin labarin ƙasa ta gwada arzikin Tarayyar Turai da na ƙungiyar cinikayyar Arewacin Amurka, NAFTA. Hukuma ta bi littafin makaranta ta ce na Turai ya fi. Amma taswirar da ke jikin tambayar tana ɗauke da shekarar 2012, kuma alƙaluman wannan shekara sun nuna NAFTA ce a gaba. Ɗaliban da suka san halin da duniya ke ciki su ne suka faɗi. Kotun farko ta goyi bayan hukuma. Sai a Oktoban 2014 babbar kotun Seoul ta ce tambayar gurguwa ce. Aka gyara wa mutum fiye da 18,000 maki, aka buɗe wa ɗaruruwa ƙofar jami'o'in da suka rasa, amma shekara ta riga ta wuce. Wasu sun shiga makarantar da ba ita suke so ba, wasu sun kashe kuɗi da ƙuruciya wajen sake shiri.

A Nuwamban 2021 aka sake yin irinta. Tambaya ta 20 a darasin ilimin halittu ta ba da sharuɗɗa a kan wasu garken dabbobi guda biyu, amma duk wanda ya bi lissafin har ƙarshe sai ya tarar adadin dabbobi a wani rukuni ya koma ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa. Hukumar ta yarda sharuɗɗan ba su cika ba, amma ta dage cewa tambayar tana nan daram. Ɗalibai 92 suka kai ƙara. Wannan karon kotu ta dakatar da amsar hukuma nan take, aka raba takardun sakamako da gurbin wannan darasi a buɗe, sannan a ranar 15 ga Disamba ta soke tambayar, kafin a rufe neman jami'o'i. Shugaban hukumar, Kang Tae-joong, ya ajiye aiki a ranar.

Gaskiyar ɗaliban 2013 ba ta gaza ta 'yan 2021 ba. Bambancin kawai shi ne na farko sun jira kusan shekara, na biyu kuwa wata ɗaya. Haka ta faru a Ayilan a 2018, inda wata ɗaliba ta duba takardarta ta darasin kasuwanci ta ga an haɗa jimillar makinta ba daidai ba, abin da ya hana ta gurbin likitancin dabbobi a jami'ar UCD da ke Dublin. Hukuma ta ce sakamakon ƙorafi sai tsakiyar Oktoba, jami'a kuma tana rufe ƙofa a ƙarshen Satumba. Babbar kotu ta tilasta a gyara kafin wa'adin, ta sami gurbinta, daga baya kuma aka gajarta lokacin sauraren ƙorafi ga kowa.

Gyaran wani, asarar wani

Mafi wuyar tambaya ita ce ta waɗanda kuskure ya amfana ba da laifinsu ba. A jihar Bihar ta Indiya an ɗauki ƙananan injiniyoyi bisa wata jarrabawa da daga baya masana suka gano amsoshi fiye da 40 cikin 100 na jerin hukuma ba daidai ba ne. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013, waɗanda aka ɗauka sun shekara da shekaru suna aiki. Kotun ta ce a sake duba takardu da amsoshin gaskiya, a ɗauki waɗanda suka cancanta, amma kada a kori na farko tunda ba su yi maguɗi ba, sai dai a sa su a ƙarshen jeri. Wannan hanya, ta ƙara kujeru maimakon ƙwace su, ita ce kotuna da gwamnatoci da yawa suka fi bi, domin hukumar da ta yi kuskure ita ta fi dacewa ta ɗauki asarar.

Sai dai tausayi ma yana iya zama zalunci ga wasu. A 2018 babbar kotun Madras ta tarar an fassara tambayoyi 49 na NEET zuwa harshen Tamil ba daidai ba, sai ta ba duk wanda ya rubuta da Tamil, kimanin mutum 24,000, ƙarin maki 196. An cuci waɗannan ɗalibai, babu shakka. Amma ba su maki a dunƙule, ko sun amsa ko ba su amsa ba, zai ɗora su a kan dubban da su ma ba su yi laifin komai ba. Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci a Nuwamban shekarar. Waɗanda fassara ta ɓatar kuwa suka tashi a tutar babu, domin ɓarnar da aka yi tun a ɗakin jarrabawa babu lissafin da zai mayar da ita yadda take.

Diyya ma ba ta cika rufe ɓarna ba. Shari'ar da aka yi kan kuskuren SAT ta ƙare da sulhu a kan dala miliyan 2.85, wanda idan aka raba bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ga kowane ɗalibi ba, bayan an riga an yanke shawarar ɗauka da ta tallafin karatu a kan makin da ba nasu ba.

Haƙƙin ganin takarda

Idan aka bi waɗannan labarai za a ga abu ɗaya yana maimaituwa: da wuya hukuma ta gano kuskurenta da kanta. Kusan kullum wani ne daga waje ya dage sai ya gani da idonsa. A jihar Minesota ta Amurka a 2000, an gaya wa wata yarinya ta faɗi lissafi. Mahaifinta ya nemi a nuna masa tambayoyin don ya san inda zai taimaka mata, aka yi ta yi masa hanya-hanya, har sai da ya yi barazanar zuwa kotu. Da aka zaunar da shi aka buɗe takardar, sai ga amsoshin da 'yarsa ta zaɓa daidai an soke su. Bincike ya nuna ɗalibai kusan 8,000 aka ce sun faɗi alhali sun ci, wasu har an hana su bikin kammala makaranta. Kamfanin da ya duba takardun ya yarda zai biya har dala miliyan 7. Da wannan uba ya haƙura, da babu wanda zai sani.

Saboda haka hukunce-hukuncen da suka fi amfanar ɗalibai su ne waɗanda suka buɗe takardu. A 2011 Kotun Ƙolin Indiya ta ce ɗalibi yana da haƙƙin ganin takardar amsarsa da aka duba, a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2005. A Disambar 2017 kotun Tarayyar Turai ta ce amsoshin da mutum ya rubuta, har da bayanan mai dubawa a kansu, bayanansa ne na ƙashin kansa. Mai awo na gaskiya ba ya juya wa mai saye baya lokacin da yake cika mudu, kuma hukumar da ta yarda da aikinta ba ta da dalilin ɓoye takarda ga mai ita.

Abin da 2025 ta nuna wa Najeriya

Mu ma abin ya zo mana har gida sau biyu cikin wata uku. A Mayun 2025 hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta fitar da sakamakon mutum kimanin miliyan 1.9, inda fiye da miliyan 1.5 suka kasa kai 200 cikin 400. Aka fara zargin yara da lalaci da wasa da waya. Sai da ƙorafi ya yi yawa, ana ta maganar zuwa kotu, sannan a ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Aka sa su sake zama daga 16 ga Mayu, ana tsakiyar jarrabawar kammala sakandare ta WAEC. A watan Agusta kuma WAEC ta ce kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit 5 har da Turanci da lissafi. Bayan kwana 4 ta dawo ta ce kashi 62.96 ne, domin an duba takardar canki-canka ta Turanci da jerin amsoshin da ba nata ba. Kusan yara rabin miliyan ne suka kwana huɗu a matsayin waɗanda suka faɗi.

Amsa laifi a bainar jama'a abin yabo ne, kuma hukumomin biyu sun gyara cikin kwanaki. Amma an gano waɗannan ne saboda girmansu ya fi ƙarfin ɓoyewa, kuma waɗanda abin ya shafa suna da murya a intanet. Yarinyar da ke Gumel ko Argungu wadda aka tsallake wa shafi ɗaya, ita kaɗai, wa zai ji kukanta? Mahaifinta zai ce haka Allah ya ƙaddara, a sake biyan kuɗin rajista baɗi, ko a ce karatun ya isa haka. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta hana bin haƙƙi. Kuma ko ya so zuwa kotu, ga kuɗin lauya, ga nisan babbar kotun tarayya, ga dokar kare jami'an gwamnati da ta taƙaita shigar da ƙara zuwa wata 3. Lamarin ya shafe mu kai tsaye, domin kashi 45 cikin 100 na guraben jami'o'in tarayya a kan cancanta ake raba su, kuma a jeri ɗaya ɗan Kano da ɗan Legas suke tsayawa.

Mafita

Kotu tana da amfani, kuma tsoronta ne ya sa hukumomi da yawa suka buɗe littafinsu. Amma sau da yawa hukuncinta ihu ne bayan hari. Adalcin da ɗalibi zai ci moriyarsa shi ne wanda ke zuwa tsakanin ranar jarrabawa da ranar raba gurabe, kuma wannan aikin 'yan majalisa ne da ma'aikatun ilimi.

Ya kamata doka ta tilasta wa kowace hukumar jarrabawa ta wallafa tambayoyi da amsoshinta kafin ta fitar da sakamako, ta ba malamai da ɗalibai kwanaki su kawo gyara. Kowane ɗalibi ya iya ganin hoton takardarsa ko amsoshin da ya danna a kwamfuta, kyauta ko da kuɗi kaɗan da za a mayar masa idan ya yi gaskiya. Ƙorafi ya tafi gaban kwamitin masana da ba ma'aikatan hukumar ba, a kuma yanke shi kafin jami'o'i su rufe ɗauka. Idan an gano kuskure a takardar mutum ɗaya, a bincika na duk waɗanda abin zai iya shafa, ko sun yi ƙorafi ko ba su yi ba. Wanda aka hana gurbi bisa kuskure a ba shi a wannan zangon, ba tare da an kori wanda ya riga ya shiga ba. Sannan kowace shekara hukuma ta faɗa wa jama'a ƙorafi nawa ta karɓa da maki nawa ta gyara.

Muna gaya wa yaranmu su yi karatu, su guji satar amsa, cewa ƙoƙarinsu zai kai su. Wannan alƙawari ne da al'umma ta ɗaukar musu. Hukumar da ke korar yaro don an kama shi da 'yar takarda a aljihu, dole ita ma ta yarda a binciki nata lissafin, kuma iyaye da malamai da ƙungiyoyin ɗalibai su ne za su matsa har a rubuta wannan a cikin doka.